Ido-Mudu da Tankin Furotin

Tun da na yi wayo ban taɓa jin Yayana ya ce "ban sani ba." Ka tambaye shi hanyar garin da bai taɓa zuwa ba, zai kwatanta maka har da inda za ka tsaya ka sha ruwa. Ya yi gyaran waya, ya yi tsaron kantin magani, ya koyar da tuƙi da motar da ba tasa ba, kuma duk inda ya bari, in ka ji ta bakinsa, hassada ce ta kore shi. Karin magana ɗaya ya riƙe a duniya: ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Rabin farkon ma bai yarda da shi ba, don a ganinsa nasa idon mudu ne cikakke. Da haka 'yan unguwa suka raɗa masa Ido-Mudu, ya kuma amsa da murna.

Ni kuwa awo ne sana'ata. Shekara tara ina aiki a ɗakin gwaji na wata masana'anta da ke fitar da furotin daga waken soya, ta busar da shi ya zama farin gari. Masu yin abin sha su ke sayen garin, kuma tambayarsu ɗaya ce kullum: in an zuba shi a ruwa, kashi nawa cikin ɗari ne ke narkewa? Amsar ita ce aikina. In auna gari a sikeli, in zuba a ruwa, in daidaita tsaminsa, in bar shi yana motsawa awa guda. Daga nan in raba shi a 'yan kwalabe in sa a wani inji da muke kira Hajijiya, wanda ke wulwula su da gudu har duk abin da bai narke ba ya kwanta a ƙasa. In ɗebi ruwan da ya tsaya a bisa, in ɗiga masa wani sinadari, ya rine gwargwadon furotin ɗin da ke cikinsa, na'urar haske ta karanta launin ta ba ni lamba. Awa biyu ke nan in komai ya tafi daidai, kuma sau uku ake yin kowane.

Wata safiya Mama ta tare ni a bakin ƙofa ina sa takalmi.

"Auta, ki nema wa Yayanki aiki a wurinku."

"Mama, wurinmu ba a son mai ƙarambani."

"Ai shi ya sa na ce wurinku, inda idonki zai kasance a kansa. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar."

Na so in ce mata wannan hannun ba ruɓewa ya yi ba, taɓe-taɓe ne ya yi masa yawa, amma na haɗiye. Na je na sami Manaja. Mutum ne marar yawan magana, mai farin takalmi da ba a taɓa ganin ƙura a kansa ba. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Zan ɗauke shi ya riƙa miƙo miki kwalabe. Amma ki buɗe kunne. Duk ɓarnar da ya yi da saninki, ƙofar da ya fita ita za ki bi." Ya rubuta, na sa hannu.

Ranar farko Yaya ya zaɓi farar riga mafi girma a kabad, ya soka biro uku a aljihu. Ya goya hannu a baya yana kallona ina aiki, kamar wanda aka turo duba ni.

"Yanzu duk wannan zaman jiran me muke yi?"

"Jiran ya motsu awa guda."

"Don a san ko ya narke?"

"E."

"To ki ɗaga kwalbar ki duba mana. Ba ki da ido ne?"

"Yaya, lamba ake so."

Ya ɗauki kwalbar, ya ɗaga ta saitin taga, ya kanne ido ɗaya. "Saba'in da uku," in ji shi.

Bayan awa biyu na'ura ta ba ni hamsin da ɗaya. Ya leƙa, ya girgiza kai cikin tausayi, ya ce tun yaushe rabon da a kai na'urar nan gyara.

A ranar ya sanar da ni shirinsa. Zai ƙirƙiro Awon Minti Biyar. Babu jira, babu rini, babu maimaitawa sau uku kamar mai kokwanto. Ranar Alhamis ta sama akwai wata baƙuwa mai kamfanin abin sha da za ta zo ganin garin furotin ɗinmu, wadda ta ce in bai kai tamanin cikin ɗari ba kada ma a kira ta. A gabanta zai nuna hanyar tasa. Daga nan, in ji shi, Manaja zai ba shi ɗakin gwajin, ni kuma ba zai manta da ni ba, zai bar ni a matsayin mataimakiya.

"Na gode," na ce.

"Ba komai. Ɗan'uwa rabin jiki ne."

Washegari na fita karɓo sinadari, minti goma kacal. Dokar Hajijiya ɗaya ce, na kuma faɗa masa sau huɗu: duk kwalbar da ka sa, ka sa wata mai nauyinta daidai a ɗaya ɓangaren. Yaya ya ga wannan almubazzaranci ne da kwalabe. Ya sa guda ɗaya tilo, ya rufe, ya murɗa har ƙarshe.

Tun daga matakala na jiyo ƙarar. Na shigo na tarar Hajijiya ta bar inda ta zauna shekara tara, tana tafe a kan tebur, dirim, dirim, ta nufi taga. Ta ture akwatin safar hannu, ta ture kofin shayina. Iya Mai-shara, tsohuwar da ke goge mana ɗaki, ta haye kujera da sandar mofa a hannu tana salati. Yaya kuwa yana biye da injin a hankali, agogo a hannunsa.

"Kashe shi!" na ce.

"Saura minti biyu."

Na fizge wayar daga bango. Injin ya tsaya a bakin tebur, ƙafarsa ɗaya a iska.

"Kin ɓata min gwaji," in ji Yaya.

Iya ta sauko tana gyara ɗankwali. "Ɗan nan, na goge ɗakin nan tun kafin a kawo abin nan, ban taɓa sanin yana da ƙafa ba. Ina za ka kai shi?"

"Iya, ilimi ne. Ba za ki gane ba."

"To ilimin ya tsaya wuri ɗaya, don ni ce mai sharewa."

Manaja ya leƙo ya tambayi ƙarar mece ce. Na ce ƙafar tebur ce ta goce. Ya dubi teburin, ya dube ni, ya dubi Iya, Iya ta duƙufa matse mofa kamar ba ta ji ba. Ya tafi. Wannan ce ƙarya ta farko da na taɓa yi a ɗakin nan, kuma na ji kunyarta har cikin raina. Na kuma san cewa daga yau akwai abin da aka yi da sanina.

Na kulle Hajijiya da kwaɗo. Yaya ya ce ba komai, manyan masu bincike duk a gida suka fara.

Ranar Asabar da hantsi ina wanki a tsakar gida, na ji ya jawo tebur a falo. Na leƙa. Ya ɗaure kwalaben ruwa guda uku a fukafukan fankar sama da igiyar takalmi, kowace cike da ruwan garin furotin fari fat.

"Kin gani?" ya ce daga kan teburin. "Fiffike uku, kwalba uku. Ni ba a faɗa min magana sau biyu."

"Sau huɗu na faɗa. Kuma ɗayar ta fi sauran girma."

"Ita ce shugabarsu."

Ya sauko ya murɗa fankar zuwa lamba biyar. Da farko abin ya ba da sha'awa, kwalaben suka miƙe suna shawagi. Sai shugabar ta tsinke. Ta bi ta taga, ta tsallake lungu, ta faɗa shagon Tela maƙwabcinmu. Ta biyu ta sami agogon bangon Mama. Fankar, da ta rage da kwalba ɗaya, ta fara rawa tana kuka, siminti yana zubo mana a ka. Kafin in kai ga makunni fiffike ɗaya ya lanƙwashe ya dubi ƙasa.

Tela ya shigo ba sallama, tef a wuya, fari tun daga gira har gemu, riƙe da wandon wani da yake ɗinki. Bayansa matar Makanike, bayanta mai kanti, bayansu duk wanda ke lungun.

"Wa ya jefe ni?"

"Ba jifa ba ne," in ji Yaya. "Gwaji ne."

"Ni aka gwada?"

"Kai dai ka tsaya a hanyar ilimi ne."

"A shagona nake zaune! Shekara ashirin a kujera ɗaya!"

"To ka ga illar zama wuri ɗaya. Wannan abin da ke gemunka furotin ne, mutane nema suke yi."

Tela ya lashi gefen bakinsa, ya tofar. "Wandon nan gobe za a sa shi."

"Zai ƙara masa ƙarfi."

Matar Makanike ta ce ita dai a gaya mata ranar gwaji na gaba ta kwashe shanyarta. Mai kanti ya ɗaga kai ya daɗe yana kallon fankar, ya ce yana da fitila in ana so a ɗaura mata ita ma. Mama ta fito daga ɗaki, mura na damunta, kofin ruwan zafi da lemon tsami a hannu. Ta dubi agogonta a ƙasa, ta ajiye kofin a kan tebur, ta ja Tela waje tana ba shi haƙuri. Ni na karɓi wandon na ƙara a wankina.

A nan ne tsautsayi ya same ni, don da Mama ta tafi da kofinta da abin ya tsaya a fanka. Yaya ya kwance kwalbar da ta tsira, ya rasa inda zai juye ta, ya juye a kofin Mama. Bayan ɗan lokaci na ji ya kwaɗa min kira.

"Auta! Zo ki ga abin da shekara tara ba ta nuna miki ba!"

Ruwan da ke kofin, wanda ɗazu fari ne kamar madara, ya tsinke. Sama ya yi garau har ana hango gefen kofin, wani farin abu guda-guda ya kwanta a ƙasa.

"Ya narke," in ji Yaya cikin muryar girmamawa. "Ɗari bisa ɗari. Tsami ne sirrin."

"Yaya, bai narke ba. Tsami yana sa furotin ya dunƙule ya faɗi ƙasa. Wancan farin da ke ƙasa shi ne furotin ɗin. Na saman ruwa ne kawai."

"In kin zuba sukari a ruwa ya narke, ruwan yana yin fari ne ko garau?"

"Garau."

"Gishiri fa?"

"Garau. Amma furotin..."

"To furotin ɗan gidan wa ne da zai bambanta? Abin da ya narke ba a ganinsa. Wannan ba a ganinsa. Ke nan ya narke."

"To na ƙasan fa?"

"Datti ne. Shekara tara kuna sayar wa mutane datti, ba wanda ya lura sai da na zo."

Na yi masa bayani da biro da takarda. Na yi da cokali. Na ce masa a masana'antar ma da tsami ake fara kwantar da furotin a raba shi da ruwa, kafin a kashe tsamin a busar. Ya saurare ni da murmushin nan nasa, ya ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ya ƙara da cewa bai yi mamaki ba, hassada daga gida take farawa.

Ya kamata ranar Litinin in je in gaya wa Manaja komai. Na isa har ƙofar ofishinsa, na tuna fuskar Mama, na juyo. Abin da na yi kawai shi ne na ɗauke gwangwanin garin tsami daga kan kantar ɗakin gwaji na kulle a durowata. Na manta shaf cewa a ƙasa, gefen tankuna, buhunansa ake jibgewa.

Alhamis ta zo. Tun da safe aka haɗa gari da ruwa a tankin nuni, mai cin lita ɗari biyu, mai tagar gilashi a ciki da famfo biyu, ɗaya a sama na ɗanɗano, ɗaya babba a gindi na zubarwa. Ƙarfe tara na sauka na ɗebi kwalba uku daga ciki, na hau na fara aikina yadda na saba. Na zaunar da Yaya a kujera na ba shi agogo, na ce aikinsa yau kallon agogo ne.

Ƙarfe goma ya ce zai zagaya. Goma da rabi bai dawo ba. Hajijiya tana juyawa, kuma ba a barin ta ita kaɗai, don haka na zauna ina cizon yatsa. Sha ɗaya saura kwata, Hajijiya ta tsaya ke nan, aka aiko a ce baƙuwa ta iso, kowa ya sauko.

Na sauka na tarar an cika. Ma'aikatan tanki, masu ɗaure buhu, direbobi, Iya da bokitinta. Baƙuwar doguwar mace ce mai tabarau, da jaka a hammata da takalmi mai tsini. Manaja na gefenta. A saman matakalar tankin kuwa Yayana ne tsaye, farar riga har gwiwa, riƙe da sandar mofar Iya. Injin motsa tankin a kashe yake. A ƙasan matakalar ga bokiti, ga buhun tsami a buɗe, an ci kusan rabinsa.

"Ranki ya daɗe, barka da zuwa," in ji Yaya. "Yau za ki ga abin da ba a taɓa gani ba."

Manaja ya buɗe baki, baƙuwar ta ɗaga hannu. "A bar shi. Ina son ma'aikaci mai ƙwazo."

"An ce tamanin kike nema. Ni ba na harka da tamanin." Ya ƙwanƙwasa tagar gilashin da sandar. "Dubi nan. Me kika gani?"

Ta matsa ta gyara tabarau. "Ba komai."

"Madalla! Ba komai! Ɗari bisa ɗari ke nan, kuma cikin minti biyar."

Ya buɗe famfon sama ya tari kofi, ruwa garau mai ɗan rawaya-rawaya, ya miƙa mata da hannu biyu. Ta kurɓa. Idonta ɗaya ya rufe da kansa, bakinta ya koma gefe. Ta ɗauki lokaci kafin ta dawo da fuskarta daidai.

"Wannan ai ruwan tsami ne."

"Haka ake ji da farko."

"Ina furotin ɗin?"

"Yana ciki. Ya narke ne har harshe ba ya kama shi."

"To wancan farin da na hango can ƙasan gilashin fa?"

"Yawwa, kin zo wurin. Wannan shi ne dattin da ake haɗa muku da shi a da. Yanzu zan zubar da shi a gabanki."

"Yaya, kada ka buɗe!" na ce.

"Ƙanwata ce," ya gaya wa baƙuwar. "Tana da ƙoƙari, sai dai tsoro."

Ya sauko ya kama babban famfon gindi ya murɗe shi gaba ɗaya. Shiru. Ko ɗigo bai fito ba, don furotin ɗin ya dunƙule ya toshe bututun. Yaya ya ɗan yi tari. Ya buga bututun da tafin hannu. Ya durƙusa ya kanne ido ɗaya ya leƙa ciki, ya ce yana hango matsalar. Sai ya zura sandar mofa ya zungura.

Abin da ya fito ban san sunan da zan ba shi ba. Ya fara da Yaya, ya kwantar da shi rigingine, ya wuce ta kansa. Fari, mai kauri, mai ɗumi, da lita ɗari biyu na ruwa suna tura shi daga baya. Masu ɗaure buhu suka haye buhuna. Direbobi suka yi waje. Manaja ya ja da baya taku ɗaya don ya ceci farin takalminsa, santsi ya ɗebe shi, ya zauna daɓas a tsakiyar abin, ya kuma ci gaba da zama kamar dama can niyyarsa ke nan. Baƙuwar ba ta motsa ba. Ta tsaya abin yana gudana ta kan ƙafafunta har idon sawu, kofin yana hannunta.

Wani ma'aikacin tanki ya lallaɓa ya rufe famfon. Sai ɗiga kawai ake ji.

Yaya ya tashi zaune, ya share idanunsa, biro ɗaya ya rage a aljihunsa. "Kun ga yawan dattin ko?" ya ce.

Iya ta dubi falon tankunan tun daga wannan bango har wancan, ta ajiye bokitinta a hankali. "Ni dai an ɗauke ni sharar ƙura ne. Ba a ce da ni har da ilimi ba."

Baƙuwar ta juyo ta dubi Manaja a inda yake zaune. "Akwai mai awo a gidan nan, ko duka da ido kuke yi?"

Na ɗaga hannu kamar 'yar makaranta. Aka samo mata takalmin roba na ma'aikata, ta biyo ni sama, jama'a na biye da ita, kowa yana barin farin sawu a matakala. Kwalabena uku na safe sun gama juyawa. Na ɗebi ruwan bisa na kowace, na ɗebi na kofin da Yaya ya ba baƙuwar a ta huɗu, na ɗiga musu sinadari, muka tsaya jira. Nawa ukun suka rine sosai. Na Yaya ya tsaya kamar yadda yake.

Na sa su a na'ura ɗaya bayan ɗaya. Tamanin da huɗu. Tamanin da uku. Tamanin da huɗu.

"Nasa fa?" in ji baƙuwar.

Na sa. "Shida."

"Tun ranar da na zo na ce a kai na'urar nan gyara," in ji Yaya daga bakin ƙofa, yana ɗiga.

Baƙuwar ta rubuta lambobina uku a ɗan littafinta, ta ce garin ya yi mata. Amma ni ban ji sanyi ba, don Manaja ya iso, wandonsa manne da jikinsa, kuma ba lamba yake kallo ba. Ya tsaya a gaban Yaya ya yi magana a hankali, yadda kowa zai ji.

"Tambaya ɗaya zan yi maka. Ƙanwarka ta san da wannan shirin naka?"

Na dafa tebur. Na san da shi tun daga ranar farko, na san da fanka, na san da kofin Mama, na kuma yi ƙaryar ƙafar tebur. Kalma ɗaya daga bakinsa ta isa ta rushe shekara tarata. Yaya kuwa mutum ne da bai taɓa iya riƙe magana ba, ko ta wani ko tasa.

Ya miƙe tsaye sosai, ya gyara wuyan rigarsa da ta jiƙe sharkaf.

"Wa? Wannan?" Ya nuna ni da haɓa. "Ranka ya daɗe, kada ma a fara. Na san inda aka dosa, so ake a raba binciken nan biyu a ba ta rabi. Ba ta san komai a kai ba. Wanda zai zauna awa biyu yana kallon ruwa yana juyawa, shi zan ba sirrina? Ni kaɗai na yi tunaninsa, ni kaɗai na auna tsamin, da idona, ni kaɗai na zuba. In za a rubuta, a rubuta sunana shi kaɗai."

"Za a rubuta," in ji Manaja.

Ya juyo ya dube ni, ya daɗe. Ya dubi Iya. Iya ta sami wani tabo a jikin ƙofa ta shiga gogewa da gefen zaninta. Daga ƙarshe ya ce in kai masa sakamakon a rubuce kafin a tashi, kuma gobe in zo da wuri akwai sabon gari.

Korar Yaya ya yi niyya, baƙuwar ce ta sa baki tana fita. Ta ce mutumin da ke son ganin abu garau haka bai kamata a yi asararsa ba, a ba shi wankin kwalabe. Aka karɓe farar rigar, aka ba shi ta roba da buroshi. Sharar falon ƙasa ma shi ya yi ta, Iya na zaune a kan buhu tana nuna masa inda ya tsallake.

Da aka tashi na same shi a ɗakin wanki shi kaɗai. Yana ɗaga kwalabe ɗaya bayan ɗaya saitin taga, yana kanne ido, yana jerawa. Gaskiya sun fita, ban taɓa ganin kwalabenmu da haske haka ba. Na tsaya a bakin ƙofa.

Bai juyo ba ya ce, "Kin ji abin da na gaya wa Manaja?"

"Na ji, Yaya."

"Shekara tara ba wasa ba ce." Ya ɗauraye wata kwalba. "Kuma Mama ba za ta iya da mu biyu a gida ba."

Tun muna yara nake jin haushin bakin nan nasa, ban taɓa zaton akwai ranar da zai rufa min asiri da shi ba. Na ce, "Na gode, Yaya."

"Amma kada ki ɗauka don haka zan sa sunanki a binciken."

"Ban ɗauka ba."

Ya jera kwalbar ƙarshe, ya dubi layin, ya tambaye ni awa nawa suke yi kafin su bushe. Na ce a kife ake barinsu sai washegari. Ya yi tsaki ya ce ɓata lokaci ne. Sai na ga ya ɗaga kai a hankali yana kallon fankar ɗakin, yana ƙirga fukafukanta da leɓe.

Washegari na riga kowa zuwa, kamar yadda Manaja ya ce. Kafin in taɓa sabon garin na shiga ɗakin wanki na cire makunnin fankar, na jefa shi a jakata. Yana nan har yau, a zobe ɗaya da makullin Hajijiya.